Kada Ka Yi Gaggawar Kashe Ragar Awo

 Yau zan ɗan ratse daga inda muka saba kiwo, in yi magana kan wasannin gem, musamman kan wani ɗan abu guda da ke cikin manhajojin da ake gina filayen wasa da su. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka fara leƙa wannan fanni, wasu don sha'awa, wasu kuma don sun lura cewa gem ma hanya ce ta ba da labari. Da su nake tun farko, amma wanda bai taɓa buga gem ba shi ma ba zai tashi hannu rabbana ba.

Duk wanda ya buɗe irin waɗannan manhajoji, ko Tiled, ko Godot, ko Unreal, ko Hammer, abin da zai fara cin karo da shi shi ne layuka a tsaye da a kwance sun cika allon, kamar takardar giraf ta ajin lissafi. Ni ragar awo nake kiran su. Aikin ragar shi ne, idan ka ɗauko bango ko ƙofa ko dutse ka ajiye, ba ya zama daidai inda hannunka ya sake shi, sai ya yi tsalle ya maƙale a mahaɗar layin da ta fi kusa. Sabon shiga yakan ji haushin wannan. Shi yana son dutsen a nan, manhaja ta kai masa can. Daga nan sai ya shiga neman maɓallin kashe ta, kuma ba ya rasa mai zuga shi da cewa mai fasaha ba ya bin layi.

Ni ina ganin wannan shawara tana cutar da masu koyo. Matsayina a taƙaice: duk abin da ƙafar ɗan wasa za ta taka, ko jikinsa zai ratsa, ko zai tsallake, a ɗora shi kan raga. Abin da ido kaɗai zai kalla, shi ne za a sake. Ga dalilaina.

Inda ragar ta samo asali

Da farko dole ce ta kawo ta. Na'urar Nintendo ta shekarun 1980, wadda ake kira Famicom a Japan, NES a Amurka, wadda da yawanmu muka buga kwaikwayonta muna yara, tana nuna hoto mai ɗigo 256 a kwance, 240 a tsaye. Ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta riƙe bayanin kowane ɗigo daban, don haka sai ta yanka allon tayil-tayil, kowane tayil ɗigo 8 sau 8, wato tayil 32 a kwance, 30 a tsaye. Launi kuwa ana zaɓa ne wa kowane murabba'i mai ɗigo 16 sau 16. Shi ya sa bulon da Mario ke duka da kai a Super Mario Bros. na 1985 ya zo a kan wannan girma. Gaba ɗaya wasan kilobait 40 ne, bai kai hoto ɗaya da muke turawa a WhatsApp ba. Tsabar tsimi, zanen gajimare da na ciyawa ɗaya ne, launi kawai aka canza.

Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka a kan takardar giraf suka zana filayen wasan da hannu, gurbi-gurbi, sannan su miƙa wa masu rubuta manhaja. Idan za su yi gyara, sai su shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan zanen su yi gyaran a kanta.

Mai musu zai ce ai wannan zamanin ya wuce, wayar da ke aljihunka ta fi waccan na'ura ƙarfi nesa ba kusa ba, don me za mu ci gaba da ɗaure kanmu? Gaskiya ne dolen ta kau. Sai dai a cikin waccan dole aka gano wani amfani na biyu wanda bai da alaƙa da ƙarfin na'ura, kuma shi ne ya sa har yau ragar take nan a manhajojin da ke iya zana komai.

Alƙawari ga ɗan wasa

Mu dubi filin farko na Super Mario Bros. Bututun farko da Mario zai hau tsayinsa bulo biyu ne, na biyu bulo uku, na uku bulo huɗu. Ramin farko faɗinsa bulo biyu, na biyu bulo uku. Can gaba akwai matattakala biyu da ke fuskantar juna, a tsakaninsu ƙasa ce, in ka faɗa ba abin da zai same ka. Da ka wuce sai ga wasu irinsu, amma wannan karon rami ne a tsakani. Babu rubutu ko ɗaya da ya ce wa ɗan wasa ga yadda ake tsalle. Filin ne ya koya masa, kuma ya iya koya masa ne saboda awon bai canzawa. Ɗan wasa ba ya ƙirga bulo da baki, amma yatsansa yana ƙirgawa. Bayan 'yan mintuna, da ya hango rami ya san ko zai iya ko ba zai iya ba.

To, a ce gwarzon gem ɗinka yana tsallake rami mai gurbi uku, ba ya tsallake mai huɗu. Sai ka kashe raga, ka ja bakin wani rami da ido, ya fito gurbi uku da 'yar ɗoriya. Ɗan wasa zai kalle shi ya ga irin wanda ya saba tsallakewa ne. Zai yi tsalle ya faɗa. Zai sake, ya sake faɗawa. Bai san laifinsa ba, domin ba shi da laifi, kai ne ka saɓa alƙawari. Idan mutum ya faɗi saboda kuskurensa, yakan ce bari in ƙara gwadawa. Idan ya faɗi saboda filin ya yi masa ƙarya, goge gem ɗin yake yi daga wayarsa.

Masu dara sun san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. Gurabe talatin ake haƙawa, biyar sau shida, a jere. Da za a haƙa su barkatai, da kowane ci sai an yi gardama kan ko 'ya'ya ukun sun jeru ko ba su jeru ba. Daidaiton guraben ne ya bar 'yan wasa suka mai da hankali kan dabara.

Kada kuma a ɗauka raga tana nufin rashin tausayi. Celeste, wanda ya fito a 2018, wasa ne mai wuyar gaske da aka gina kan tayil mai ɗigo 8. Amma masu shi sun sa sassauci a ciki: idan ƙafarka ta bar bakin dutse, akwai ɗan taƙin lokaci da har yanzu za ka iya tsalle, idan kuma kanka ya bugi kusurwa da ɗan kaɗan, wasan yakan gusa ka gefe ka wuce. Lura da inda suka sa sassaucin. A dokar motsi suka sa shi, inda zai shafi kowane tsalle daidai wa daida. Awon filin bai motsa ba.

Lambobin da ba sa jin roƙo

A wasanni masu zurfi, inda kake gani da idon gwarzo, lamarin ya fi tsanani. A Doom na 1993, tsayin ɗan wasa yunit 56 ne, faɗinsa 32, kuma yana iya hawa tudun da bai wuce yunit 24 ba. Tudu mai 25 bango ne a wurinsa. A Half-Life tsayinsa 72, matakin da yake hawa ba tare da tsalle ba 18. A Minecraft kana iya hawa bulo ɗaya da tsalle, amma shinge tsayinsa bulo ɗaya da rabi ne, shi ya sa yake tsare dabbobi kuma yake tsare ka. Bambancin yunit ɗaya tsakanin 24 da 25 ido ba zai gan shi a allo ba, musamman in ka ja hoton baya don ka ga filin duka. Raga ce ke gan shi. In ka sa ta a kan 8, matakanka za su fito 8, ko 16, ko 24, ba za ka wayi gari da 25 ba.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa tsofaffin manhajoji irin su Hammer suke da raga mai ninkin biyu: 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Duk yadda ka raba biyu ba ka samun ɓari, kuma duk mahaɗar da ke kan babbar raga tana kan ƙaramar. Wanda ya fara da 10 kuwa, daga 5 sai 2.5. Ga shi kwamfuta ba ta iya riƙe wasu ɓarin lambobi cif-cif. A yawancin harsunan manhaja, in ka tara 0.1 da 0.2 ba 0.3 za ka samu daidai ba, akwai 'yar ƙura da ke maƙalewa can ƙarshe. Ƙura kan ƙura, sai bango biyu da ya kamata su haɗu su bar tsaga.

Sai bango ya tsage

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu gina filaye a Quake da Half-Life da Counter-Strike sun san wannan da jikinsu. A waɗannan wasanni dole filin ya zama a rufe ruf, kamar randa. A wajensa fanko ne. Idan akwai tsaga ko da ta yunit ɗaya ce tsakanin bango da rufi, manhajar da ke harhaɗa filin za ta ce akwai yoyo. Da zarar an sami yoyo, ba za ta iya lissafa wane ɗaki ake hangowa daga wane ɗaki ba, sai wasan ya riƙa zana abubuwan da ba a gani, ya yi nauyi. Hammer har jan layi take ja maka daga cikin filin zuwa inda ya ɓule, don ka bi sawu. Mutum yakan kwana yana farautar tsagar da minti ɗaya na haƙuri da raga zai hana.

Akwai kuma kishiyar tsaga. Idan fuskokin bango biyu suka hau kan juna a wuri guda, na'ura ba ta san wanda za ta nuna a gaba ba, sai wurin ya riƙa ƙyaftawa duk sanda ka motsa. Haka nan zanen da ake lulluɓe bango da shi, wanda yawanci faɗinsa 64 ne ko 128 ko 256: in bangon bai bi awo ba, sai ka ga bulo ya yanke a rabi, ko taga ta fito da ido ɗaya. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da mai tayil ya fara aiki ba tare da ya ja igiya ba ya san irin wannan ciwon ido.

Sannan gem ba kasafai mutum ɗaya ke yin sa ba. A wani jawabi da Joel Burgess da Nathan Purkeypile na kamfanin Bethesda suka yi a taron masu ƙera gem na 2013, sun bayyana yadda aka gina koguna da kufai na Skyrim: masu zane biyu ne suka ƙera gutsattsarin gini, lungu da kwana da ɗaki da ƙofa, duk a kan awo ɗaya, sannan masu tsara fili takwas suka harhaɗa su suka fitar da wurare sama da 400. Mai zane bai san inda za a sa kwanarsa ba, amma ya san za ta shiga, kamar yadda mai buga bulo inci tara bai san gidan da za a gina da shi ba.

Hujjar masu cewa a kashe

Ba zan yi musu rowar gaskiyarsu ba, suna da ita. Raga tana da mugun hali guda: tana jan hannu zuwa ga akwati. Wolfenstein 3D na 1992 an gina shi ne kan gurabe 64 sau 64, kowane bango a miƙe, kowace kwana a kan kusurwa ɗaya. Bayan ɗan lokaci ɗakunan duk sai su zama iri ɗaya, mutum ya ɓace. Abin da ya sa Doom ya girgiza duniya shekara guda bayan haka, har da cewa bango ya sami damar karkacewa, ƙasa ta hau ta sauka. Duk wanda ya buga filin farko na John Romero yana tuna hanyar nan mai zigzag a kan koren ruwan guba. Su ma mutanen Skyrim sun yarda cewa ɗan wasa yakan gaji da ganin lungu iri ɗaya.

Amma a duba da kyau, Doom bai jefar da raga ba. Kowace kusurwar bango tana zaune kan cikakkiyar lamba. Zanen daɓe kuwa yana manne da raga mai 64, ta yadda in kana son dandamalin ɓacewa ya fito da zanensa cikakke, dole ka ɗora shi a kan layi. Karkataccen bango layi ne tsakanin mahaɗa biyu na raga. Wato maganin akwati shi ne ka iya amfani da ragar, ka san lokacin rage girmanta, ka san cewa ba dole ne ka haɗa mahaɗa da maƙwabciyarta ta kusa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce wadda ta shafe mu kai tsaye. A ce ɗayanmu yana son ya gina filin da labarinsa ke faruwa a cikin tsohon birnin Kano ko Zariya. Ginin ƙasa ba ya miƙewa kamar na siminti. Katanga tana da kauri a gindi, tana sirancewa a sama. Lungu yana lanƙwasa yadda gidaje suka ba shi hanya. Zaure yana iya zama zagayayye, ga zanko a saman soro, ga bakan gizo a cikin rufi. In ka tilasta wa wannan duka raga, za ka fito da rukunin gidajen gwamnati da aka shafa wa jar ƙasa. Wannan asara ce ta gaske, kuma wanda ya ji tsoronta bai yi laifi ba.

A nan ne ƙa'idar da na faɗa tun farko take aiki. A gem, abin da ido ke gani daban, abin da jiki ke karo da shi daban, kuma manhajoji suna ba ka damar raba su. Faɗin lungun da ɗan wasa zai ratsa, tsayin ƙofar zaure, dokin ƙofar da zai taka, tazarar da ke tsakanin soro da soro in zai tsallaka, waɗannan a kan raga. Fatar katanga da ke kumbura tana shiga, tulun da aka jingine, tabarmar da aka shimfiɗa a karkace, akuyar da ke kwance a inuwa, waɗannan a kashe raga a ajiye su da ido, a ɗan juya su yadda ba za su yi kama da 'yan fareti ba. Ɗan wasa zai ga unguwa mai rai, ƙafarsa kuma ba za ta taɓa maƙalewa a inda bai ga dalili ba.

Ga mai son gwadawa

Kafin ka ajiye bulo ko ɗaya, auna gwarzonka. Tsayinsa nawa, faɗinsa nawa, tsallensa gurbi nawa a sama, nawa a gaba? Rubuta su a takarda ka manna kusa da kai. Ka tuna kowace manhaja da ma'auninta: a Unreal yunit ɗaya santimita ɗaya ne, a Unity mita ɗaya. Daga awon gwarzo ake fitar da girman raga.

Fara da babbar raga, ka gina filin duka da akwatuna marasa ado, ka buga shi daga farko har ƙarshe. In bai yi daɗi a haka ba, fenti ba zai cece shi ba. Super Mario Maker na 2015 ya zo da doka mai kyau a kan wannan: ba za ka ɗora filinka ga jama'a ba sai kai da kanka ka gama shi. Bayan nan sai ka rage ragar zuwa rabi don matakala da tagogi, ka ƙara ragewa don ƙananan abubuwa. Kashe ta shi ne mataki na ƙarshe, kuma don kayan ado kawai. Da ka gama ado ka mayar da ita, kada ka manta ka ja bango alhali tana kashe.

Wanda labari ya fi damunsa fiye da tsalle-tsalle, ya nemi Bitsy, 'yar manhaja ta kyauta da Adam Le Doux ya ƙirƙira, wadda ake buɗewa a intanet. Kowane ɗaki a cikinta gurbi 16 sau 16 ne, kowane zane ɗigo 8 sau 8, kuma babu maɓallin kashe raga sam. Abin da ya rage maka shi ne inda za ka tsayar da mutum, abin da zai faɗa in an taɓa shi, da ƙofar da za ta kai ga ɗaki na gaba. A nan mutum zai gane cewa gurbi biyu tsakanin uwa da ɗanta magana ce, gurbi goma kuma wata maganar ce daban.

Ga aikin da nake ba da shawara a wannan mako, ko da babu kwamfuta. A samu takardar giraf, a zana tsakar gida ɗaya a kan gurabe 16 sau 16, a sa mutum uku da ƙofa ɗaya, a rubuta jimla ɗaya da kowannensu zai faɗa. A ɗauki hoto a turo mana a ƙasa, mu ga ko za mu iya gane wanda ke fushi da wani daga inda aka tsayar da su kawai. Wanda kuma yake ganin na tsaurara, yana da filin da ya san an gina shi ba raga kuma ya yi daɗin bugawa, ya kawo sunansa mu tattauna. Sai na ji daga gare ku.